INA BAR BEACH TA TAFI? TARIHIN GAƁAR TEKUN LEGAS DA INDA YA SHAFE MU

Kwana biyu ina ganin 'yan uwa suna ta muhawara a nan kan titin gaɓar teku da ake yi daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700. Wasu na cewa ci gaba ne, wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce, wasu kuma na cewa mu 'yan Arewa ina ruwanmu da teku, ko rafin kirki ba mu da shi a garinmu. Wannan magana ta ƙarshe ce ta sa na zauna na yi wannan rubutu. Ku yi haƙuri, yana da ɗan tsawo.

Ni a Obalende na yi wani ɓangare na ƙuruciyata, wajen kawuna. Duk ranar Lahadi da la'asar, ko da Sallah, sai ya kwashe mu zuwa Bar Beach. Ba a biyan ko kwabo. Ga masu dawaki, da yawansu 'yan uwanmu ne Hausawa, suna ɗora yara a zagaya da su. Ga masu tsire, ga masu rake, ga 'yan cocin nan masu fararen riguna ba takalmi suna kaɗa ƙararrawa suna addu'a a bakin ruwa. Kawu ba ya barin mu wuce inda ruwa ke kawo mana idon sawu. Kullum maganarsa ɗaya ce, wannan ruwan ba kogin garinku ba ne, shi ba ya mayar da abin da ya ɗauka.

Da na koma Legas bayan shekaru masu yawa, na ce wa direban tasi ya kai ni Bar Beach. Ya yi dariya ya ce ga ta nan muna wucewa. Na duba, babu teku. Shinge ne da ƙofa da masu gadi, can nesa kuma ga dogayen benaye a kan filin da na san ruwa ne. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Daga nan na fara bin diddigin abin da ya faru.

Labarin ya faro ne tun zamanin Turawa. A bakin mashigar da ta haɗa tafkin Legas da tekun Atlantika akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, wanda yake hana manyan jirage shiga. Sai dai jirgi ya tsaya a waje, ko ya wuce Forcados, a sauke kaya a ƙananan jirage a shigo da su. Rayuka da dukiya sun salwanta a wurin ba kaɗan ba. Don haka tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka jera manyan duwatsu suka yi dogayen katangu biyu da suka kutsa cikin teku, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, domin su kare mashigar, aka kuma yashe ta. A 1914 babban jirgin ruwa ya shiga har cikin tashar Legas.

To ku lura da shekarun nan. A daidai wannan lokacin ne layin dogo ya iso Kano, a 1911. Duk shiri ɗaya ne. Gyaɗarmu da audugarmu da fatunmu su ne ake son a ɗauko a jirgin ƙasa a kai bakin ruwa a loda a jirgin da zai tafi Ingila. Tashar Apapa da aka gina daga baya ita ce ƙofar da dalar gyaɗar Kano ta riƙa fita. Saboda haka duk mai cewa ina ruwanmu da teku, ya sani da gyaɗar kakansa a cikin wannan labari.

Amma katangun nan sun zo da wata matsala da ba a yi mata tanadi ba. A wannan yanki igiyar ruwa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, dare da rana, shekara da shekaru. Teku yana kwashe yashi a gaɓa, wani sabo yana zuwa daga yamma ya maye gurbinsa, sai gaɓar ta zauna daidai. Da aka gindaya duwatsu, sai yashin da ke tahowa ya riƙa taruwa a ɓangaren yamma, gaɓar can ta yi ta faɗaɗa. Ita kuwa Bar Beach da ke gabas, ana ɗiba ba a zubawa. Rumbun da ake ɗiba kullum ba a ƙarawa, ai kowa ya san ƙarshensa. A cikin shekara ɗari, teku ya ci abin da ya kai kimanin kilomita biyu na ƙasa a kusa da katangar gabas.

Tun daga 1958 aka fara dabarar zuƙo yashi daga cikin teku ana zubawa a gaɓar. A zuba, bayan 'yan shekaru ruwa ya kwashe, a sake ba da kwangila, a sake zubawa. Gwamnatoci na soja da na farar hula duk sun yi. Kamar mai zuba ruwa a kwando. Babu wanda ya taɓa tushen matsalar, domin tushen shi ne tashar jiragen da ƙasa baki ɗaya ke ci daga gare ta.

A tsakanin nan kuma Bar Beach ta ga wani tarihin na daban. A can ne aka riƙa ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna ana harbe su a bainar jama'a bayan yaƙin basasa. A can aka harbe Ishola Oyenusi a 1971, dubban mutane na kallo. A can ma aka harbe wasu daga cikin waɗanda aka samu da hannu a yunƙurin juyin mulkin da ya ci ran Janar Murtala a 1976. Wurin shaƙatawa ne, wurin ibada ne, wurin hukunci ne, duk a fili ɗaya na kowa da kowa.

Zuwa wajen 2005 abin ya kai maƙura. Teku ya cinye rairayin ya hau kan titin da ke gefensa, wanda kuma sunan Sardauna ne a kansa, Ahmadu Bello Way. Ruwa ya fasa kwalta, ya shiga gine-gine, ciki har da ofisoshin da jihohi suke da su a Legas. Victoria Island, inda manyan bankuna da ofisoshin jakadanci suke, ta shiga haɗari. A lokacin Bola Tinubu ne gwamnan Legas, Obasanjo ne shugaban ƙasa, kuma ba sa ga maciji. Gaɓar tana hannun gwamnatin tarayya, ambaliyar kuma tana kan mutanen jiha. Daga ƙarshe aka bar wa jihar ta kula da wurin, aka fara da katangar kariya a gefen titin.

Daga nan aka zo da babban shiri. Maimakon a tsaya kare gaɓa kawai, sai a cike tekun a dawo da ƙasar da ya cinye, a gina sabon birni a kai, kuɗin filayen su biya aikin. Shi ne Eko Atlantic. Kamfanin South Energyx na iyalan Chagoury ne ya karɓi aikin. Filin ya kai kimanin murabba'in kilomita 10, an kuma kewaye shi da katangar da suke kira Babbar Ganuwar Legas, mai tsawon kilomita 8.5, wadda aka yi da duwatsu da curin kankare mai nauyin tan 5 kowanne. A Fabrairun 2013 Shugaba Jonathan da Gwamna Fashola da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton suka halarci bikin ƙaddamar da filin. Yanzu haka Amurka tana gina sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a can.

A faɗi gaskiya, katangar ta yi aikinta. Teku ya daina hawa Ahmadu Bello Way, Victoria Island ta tsira. Duk wanda ya musa wannan bai yi adalci ba. Amma akwai tambayoyi biyu da suka tsaya mini a wuya.

Ta farko, ina ƙarfin ruwan ya koma? Teku bai daina ɗibar yashi ba, wurin ɗiba kawai ya sauya. A Agustan 2012 igiyar ruwa ta afka wa Kuramo, dab da wurin aikin, ta kashe mutane 16. Can gabas kuma, a Alpha Beach da ƙauyen Okun Alfa, teku ya ci titi da gidaje da itatuwan kwakwa. Mazauna wurin da wasu masana sun ɗora laifin a kan cike tekun da haƙar yashi, masu aikin kuma sun musanta, suka ce zaizayar ta riga su. Akwai kuma matattun jiragen ruwa da aka yasar a gaɓar suna karkatar da igiya. Ko ma wane ne ke da gaskiya, sai da jihar ta koma tana jera wasu duwatsun cikin ruwa a yankin Lekki da kuɗin jama'a.

Ta biyu, gaɓar ta wa ce? Filin da ɗan mai gadi da ɗan minista suke wasa tare kyauta ya koma fili mai ƙofa. Yau a Legas kusan duk bakin tekun da za ka je sai ka biya kuɗin shiga. Talakan da ke zaune a bakin ruwa kuwa, shi korarsa ake yi. A Yulin 1990, zamanin Kanar Raji Rasaki, aka ba mutanen Maroko wa'adin kwana bakwai aka rushe unguwar, kimanin mutum 300,000 suka rasa matsuguni. Dalilin da aka bayar shi ne wurin kwari ne, ruwa zai ci su. Ku je ku ga irin gidajen da ke wurin yanzu. Tsakanin 2016 da 2017 aka kori masunta fiye da 30,000 daga Otodo Gbame, wasu a cikin kwalekwale suka kwana da 'ya'yansu. Babbar kotun Legas ta yanke hukunci a Yunin 2017 cewa korar ba tare da an tanadar musu wurin zama ba ta saɓa wa tsarin mulki, amma aikin gama ya riga ya gama. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mutane a Tarkwa Bay bisa zargin fasa bututun mai. Ruwa ɗaya ne, amma ga talaka haɗari ne, ga mai kuɗi kuma kyan gani ne da ke ƙara wa fili tsada.

Sai maganar doka, wadda ita ce ta fi shafar aljihunmu kai tsaye. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kilomita 853. A Afrilun 2002 Kotun Ƙoli ta yanke cewa iyakar jihar da ke bakin teku tana ƙarewa ne inda ruwa ke tsayawa idan teku ya janye, abin da ke gaba na tarayya ne. Jihohin mai suka yi ca, musamman Akwa Ibom da kusan duk rijiyoyinta a cikin ruwa suke. A 2004 aka yi dokar sulhu da ta ce man da aka haƙo har zuwa inda zurfin ruwa ya kai mita 200 za a lissafa shi cikin kashi 13 na jihar. Jihohin Arewa 19 da wasu uku na Kudu maso Yamma suka garzaya kotu, suka sha kaye a 2005. Kuros Riba kuma, bayan an miƙa Bakassi ga Kamaru, ta rasa rijiyoyin mai 76 da suka koma Akwa Ibom a hukuncin 2012. Kun ga ke nan layin da aka ja a cikin ruwa yana taɓa kason da ƙaramar hukumarku ke karɓa duk wata.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a kan rabon arzikin teku kowa yana da lauya. A kan kula da shi kuwa, kowa sai ya nuna ɗan uwansa. Ku dubi Ayetoro a jihar Ondo, garin da aka kafa a 1947, wanda ya yi suna wajen kamun kifi da ƙera jiragen ruwa. Teku yana cinye shi gida bayan gida, an sha ba da kwangilar katanga ba a ga katanga ba. Su ba su da bankuna a bayansu, ba wanda zai sayi filinsu da dala. Ga ƙasa mai wannan doguwar gaɓa, amma kifin ƙanƙarar da muke saya a kasuwanninmu yawancinsa daga ƙasashen waje ake shigo da shi. A 2023 an ƙirƙiro ma'aikata guda ta harkokin teku, muna nan muna jiran mu ga abin da masunci zai ce ya amfana.

Shi ya sa ni a kan sabon titin nan ban ce kada a yi ba. Turawan 1908 ma aikin amfani suka yi, mun ci moriyarsa, amma sun bar wa jikoki bashin da aka shekara ɗari ana biya. Tambayoyina su ne: an auna inda yashi da ruwa za su bi idan aka shimfiɗa kankare a gaɓa da cikin fadamu? An bayyana wa jama'a sakamakon binciken? Masuncin da aka tasa, wanda ba shi da takardar fili sai kabarin kakansa, wa zai biya shi? In teku ya taso wa titin nan bayan shekara ashirin, tarayya ce za ta gyara ko jiha? Da aka rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawar Landmark a 2024 duk ƙasa ta ji, domin mai shi yana da murya. Ƙauyukan da ke kan hanyar fa?

Bashin da za a ci a yi aikin, da mu za a biya. Sanatocinmu da 'yan majalisarmu suna zaune lokacin da ake amincewa da shi. In sun zo gida hutu, a tambaye su ko sun karanta takardun.

Kawu ya rasu bai ga Eko Atlantic ba, Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya san Bar Beach a da, musamman mutanen Obalende da Idi-Araba da Agege, ya ba mu labarin abin da ya tuna. In kuma akwai inda na yi kuskure, a gyara mini. Allah ya ba shugabanninmu ikon duba na ƙasa da su.