Manhaja na tafiya, littafinta na baya

A tsakiyar shekarun 1960 kamfanin IBM na Amurka ya ɗauko wani aiki da ya kusa fin ƙarfinsa, wato rubuta OS/360, manhajar da za ta tafiyar da sababbin kwamfutocin System/360 da ya sanar da su a watan Afrilun 1964. A ƙarƙashin jagorancin Fred Brooks aka yanke cewa kowane ma'aikaci a ba shi kundi guda da ya ƙunshi duk abin da aka tsayar: wane sashe ke yin me, da wane sashe yake magana, a kuma wace siga. Ba a yi wata shida ba kundin ya kai kaurin ƙafa biyar. Kwafi ɗari ne ke ofisoshinsu na Manhattan, kuma kullum sai an raba shafukan gyara kusan 150, kowa ya zare tsoho ya cusa sabo da hannunsa kafin ya fuskanci aikin da aka ɗauke shi dominsa. Da abin ya ishe su sai suka koma ɗaukar shafukan a ƙananan fina-finan hoto da ake karantawa da na'ura mai ƙara girman rubutu. Brooks da kansa ya ba da labarin a littafinsa The Mythical Man-Month na 1975.

Duk wanda ke cin abinci da rubuta manhaja, irina, ya san wannan ciwo bai warke ba har yau. Rubuta bayani a karon farko ba wuya. Wuyar tana wajen riƙe shi. Kod, wato rubutun da kwamfuta ke bi, yana da mai gadi, domin in ka karya ƙa'idarsa na'ura za ta ƙi tafiya nan take. Takardar bayani ba ta da kowa. Sai ta shekara tana faɗin abin da ya daina zama gaskiya ba wanda ya ji ko tarinta, har ranar da sabon ma'aikaci zai bi ta sau da ƙafa ya faɗa rami. Idan aka duba tarihin wannan ɓangare na sana'armu, kusan duk abin da aka ƙirƙira ƙoƙari ne na samar wa takarda mai gadi.

A cikin magabata, mutanen Bell Labs ne na fi ganin girmansu. Ken Thompson da Dennis Ritchie sun fara gina manhajar Unix a 1969, suka yi kusan shekara biyu ba littafi, sai da shugaban sashensu Doug McIlroy ya matsa musu. Littafin farko yana ɗauke da kwanan watan 3 ga Nuwamba 1971. Kowane umarni da shafinsa, kuma tsarin shafukan iri ɗaya ne: sunan umarni, yadda ake kiransa, abin da yake yi, fayilolin da yake taɓawa, sai kuma wani sashe na kurakurai, inda marubucin manhaja zai rubuta da hannunsa wuraren da abin da ya gina yake tuntuɓe. Wannan sashe shi ne ya fi burge ni. McIlroy ya ba da labari daga baya cewa duk lokacin da za a fitar da sabon bugu sai ofis ya kacame da aiki, saboda mutum kan zo rubuta wani aibu sai kunya ta kama shi, ya ga gara ya koma ya gyara manhajar da ya bari a buga wannan da sunansa. Ka ga ke nan littafi ne ke jan manhaja gaba. Har sunan zubin Unix daga bugun littafin ake ɗauko shi, shi ya sa ake cewa Bugu na Shida na 1975, da Bugu na Bakwai na 1979. Yau in ka buɗe Linux ko kwamfutar Mac ka rubuta kalmar man da sunan wani umarni, jikan wancan shafi ne zai fito maka.

Mai gadin Bell Labs kunya ce da tarbiyya, kuma waɗannan suna aiki ne a ƙaramin ɗaki inda kowa ya san kowa. Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya nemi abin da ya fi wannan ɗorewa. A wata maƙala ta 1984 ya kawo shawarar a daina raba kod da bayani. A rubuta fayil guda, kamar ana yi wa ɗan'adam bayani, kod ɗin na shigowa gutsure-gutsure a inda magana ta kai gare shi. Ya gina tsari mai suna WEB da kayan aiki biyu: TANGLE ya tsamo kod a harshen Pascal ya miƙa wa kwamfuta, WEAVE kuma ya tsamo littafi ya miƙa wa mai karatu. Da haka ya rubuta TeX, manhajar tsara rubutu da masana lissafi ke amfani da ita har gobe, aka kuma buga kod ɗinta a matsayin littafi a 1986. Tunanin yana da kyau ƙwarai, amma mabiyansa ba su yi yawa ba. A ganina dalilin a fili yake. Knuth mutum ne da ke iya zama shekaru a kan manhaja guda yana goge ta, mu kuwa mai aiki na tsaye a kanmu yana tambayar ko an gama.

Abin da duniya ta karɓa rabin tunanin Knuth ne. Harshen Perl ya zo da POD a 1994, Java ya zo da Javadoc a 1995, Dimitri van Heesch ɗan ƙasar Holan ya fitar da Doxygen a 1997. Dabararsu ɗaya ce: rubuta sharhi a saman kowane guntun kod, wata manhaja ta bi ta tattara ta mayar da shi shafuka. A Javadoc da Doxygen sunaye da jerin abin da ake shigarwa ba sa ƙarya kuma, tunda daga kod ɗin aka kwafo su. Amma jimlar da mutum ya rubuta tana iya ruɓewa alhali tana zaune layi ɗaya a saman kod ɗin da ya ƙaryata ta. Na sha ganin sharhi yana cewa ana jiran daƙiƙa talatin, lambar da ke ƙasansa tana cewa biyar.

Wanda ya fara ba takarda mai gadi na gaske, a wurina, shi ne Tim Peters. A 1999 ya rubuta wani ɗan ƙaramin abu mai suna doctest, aka shigar da shi cikin harshen Python 2.1 a 2001. Idan ka rubuta misali a cikin bayaninka, ka ce a ba wannan sashe kaza zai dawo da kaza, doctest zai ɗauki misalin ya gudanar da shi da gaske ya gwada amsar da abin da ka rubuta. In sun saɓa, gwaji ya faɗi, kuma kowa ya gani. A karon farko takarda ta sami bakin yin kuka. Harshen Rust, wanda zubinsa na 1.0 ya fito a 2015, ya mayar da wannan al'ada ta gida: misalan da ke cikin bayani ana gwada su tare da sauran gwaje-gwaje. Iyakar dabarar ita ce misali kaɗai take tsarewa, ba ta san komai game da sakin layin da ke kewaye da shi ba.

A 2001 ɗin dai, a watan Fabrairu, wasu mutum 17 suka taru a jihar Utah suka fitar da sanarwar Agile, inda suka fifita manhaja mai aiki a kan tulin takardu. Sun faɗa a sarari cewa takardu ma suna da daraja, amma da yawa daga cikinmu rabin farko kawai suka ji, suka mayar da shi lasisin ƙin rubuta komai. Ofisoshi da dama sun biya kuɗin wannan fahimta ranar da gwaninsu ya ajiye aiki.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. An sami rumbunan ajiye kod, Git a 2005 da GitHub a 2008, da kayan gina shafukan bayani, Sphinx na Bajamushe Georg Brandl a 2008, sai Read the Docs da Eric Holscher da abokansa biyu suka haɗa a wata gasar sa'o'i 48 a 2010. Bayani ya koma zama a rumbu ɗaya da kod, ana bitar gyaransa kamar yadda ake bitar gyaran kod, kuma da zarar an shigar da sauyi shafukan intanet za su sake gina kansu. Matsalar raba shafuka 150 da hannu ta mutu a nan. Ko Linux ya koma Sphinx a 2016.

Duk waɗannan mataimaka ba sa rubutu. Kwafa suke yi, ko gwadawa, ko bugawa. Sauyin ya zo da GitHub Copilot a watan Yunin 2021, da ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba 2022, makonni biyu bayan rasuwar Brooks. Yanzu mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira yana iya karanta gyaran da ka yi wa kod, ya nemo sakin layin da gyaran ya shafa, ya kawo maka sabon rubutu ka duba. Ina amfani da irinsu kullum, kuma ina godiya da samuwarsu. A ƙaramin ofishi irin namu a Kano ba mu da kuɗin ɗaukar marubuci na musamman, kuma wanda ya kwana yana bin wata matsala ba shi da sauran ƙarfin komawa ya gyara matakan girka manhaja. Sunan da aka sauya, adireshin da ya mutu, umarnin da aka daina amfani da shi, jerin abin da ya canza a sabon zubi, duk mataimaki yana kama su fiye da yadda mu muke kamawa.

Sai dai akwai wani zato da ke ɓoye a ƙarƙashin wannan aiki, cewa duk lokacin da kod da takarda suka saɓa, takarda ce ta yi kuskure. Ranar 23 ga Satumba 1999 hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da yake shiga kewayen duniyar Mars. Takardar yarjejeniyar da ke tsakanin masu aikin ta ce a ba da ƙarfin turawar injina da ma'aunin newton. Wata manhaja mai aiki a nan duniya da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta ta riƙa ba da shi da ma'aunin fam na Turawan Ingila, bambancin kuwa ninki 4.45 ne. Kumbon da ya kamata ya wuce a nisan kusan kilomita 226 daga doron Mars ya gangaro zuwa kusan 57, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A wannan lamari takarda ce mai gaskiya. Da an sa wani mataimaki ya daidaita ta da kod, da ya goge shaidar da ta rage ya rubuta kuskuren a matsayin doka, da jimla mai kyau kuma.

Na ga ƙaramin misalin wannan da idona. Muna kula da manhajar wata ƙungiyar manoma da ke sayar wa mambobinta taki bashi. Takardarmu ta ce duk kuɗi a kwabo ake ajiye shi, naira ɗaya kwabo ɗari, saboda haka kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet suke so, kuma yana hana ɓatan lissafi wajen rabo. Wani sabon abokin aiki ya rubuta sashen rasit yana ɗaukar adadin a matsayin naira. Mataimaki ya lura da saɓanin, wanda abin yabo ne, amma shawarar da ya kawo ita ce a gyara takarda ta ce naira. Wata abokiyar aikinmu da ta fi mu daɗewa a kan manhajar ce ta tsayar da gyaran a wajen bita. Da ya wuce, da manomin da ake bi naira dubu biyar ya karɓi rasit na dubu ɗari biyar, kuma duk wanda ya je duba littafi zai tarar littafi ya goyi bayan rasit.

Peter Naur, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Denmak, ya riga ya hango tushen wannan tun 1985. Ya ce ainihin manhaja fahimta ce da ke kawunan waɗanda suka gina ta, su ne suka san yadda ta dace da al'amuran duniya da dalilin da ya sa aka bi wannan hanya aka bar waccan, kuma idan suka watse kod kaɗai ba ya dawo da wannan fahimta. Mataimaki kod yake karantawa. Bai halarci zaman da shugaban ƙungiyar manoma ya roƙi kada a tura wa kowa saƙon tunin bashi kafin girbi ba. Zai gaya maka daidai cewa akwai layin da ke hana tura saƙo a wasu watanni, in ka matsa masa kan dalili kuma yana iya ƙirƙiro maka wani mai daɗin ji.

Shi ya sa al'adar da Michael Nygard ya bayyana a 2011 ta ƙara daraja a idona yanzu. Duk shawara mai nauyi a rubuta mata ɗan gajeren fayil: halin da ake ciki, abin da aka yanke, da abin da zai biyo baya. Ba a goge tsohon fayil, in an sauya ra'ayi sai a rubuta sabo a nuna ya maye gurbin wancan. A ofishinmu mun raba takardu gida biyu. Waɗanda ke bayyana abin da kod ke yi, mataimaki yana da izinin kawo gyaransu, mutum ya duba ya sa hannu. Waɗanda ke faɗin abin da kod ya wajaba ya yi, da dalilinsa, ba ya taɓa su. In ya ga sun saɓa da kod, aikinsa ya ɗaga hannu ya faɗa, mu mu zauna mu gano wanda ya kauce.

Kirana ga matasan da ke koyon wannan sana'a a Kano, Kaduna, Zariya, Maraɗi da sauran wurare shi ne ku yi amfani da mataimakan nan ba tare da jin nauyi ba, ku bar musu aikin zare tsohon shafi da cusa sabo. Amma ranar da kuka yanke wata shawara a kan manhaja, kafin ku tashi daga kujera ku rubuta dalilinta da kanku, ko da layi biyar ne, ku sa kwanan wata da sunayen waɗanda suka yanke.