Masassarar Damina a Ƙasarmu: Jiya da Yau



Tun zamanin kakanni, in hatsi ya fara fid da kai, tafkunan Kona da na Tasawa da Mayahi suka cika, sai masassara ta shigo gari. Alamunta kowa ya san su: jiki ya yi zafi, rawar ɗari, ciwon kai, amai, sa'an nan gumi. Yaron da ta daɗe tana kamawa, saifarsa kan kumbura, tafin hannunsa ya yi fari don ƙarancin jini. Mutanen dā sun ɗora laifin kan tumu da ɗanyen nono. In yaro ya yi jijjiga sai a ce iska ce, a turara masa tazargade.

A 1880 wani likitan sojan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majinyaci a Aljeriya. A 1897 Ross, Baturen Ingila, ya tabbatar a Indiya cewa sauro ke ɗaukarta. Ashe tumu lokaci kawai ya haɗa shi da sauro.

Daga 1969 zuwa 1976 masana sun zauna a Garki, arewa da Kano, suna feshi a ɗakuna suna raba magani. Cutar ta ragu ƙwarai, amma da aka daina sai ta dawo. Mu ma nan mun dogara ga Nibakin shekara da shekaru, har ƙwayar cutar ta saba da shi. A 2005 Nijar ta koma ga sabon magani mai haɗi biyu, kuma ƙarshen shekarar aka fara raba gidan sauro ko'ina cikin ƙasa. A 2013 aka soma ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafi wata-wata lokacin damina. Allurar rigakafi ta iso a 2024.

To, abin da ya rage namu ne. Yaron da ya yi jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko barci ya danne shi, a kai shi gidan likita ran nan, kada a jira kasuwa ta ci. Ku na ci-rani, ku aiko da kuɗin magani kafin Agusta. Wanda kuma ya daɗe a Libiya ko Aljeriya, ya sani jikinsa ya manta da cutar: in ya zo gida ya kwana cikin gidan sauro.

Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya.