Daga Doguwar Tsaga Zuwa 'Yar Kafa: Tarihin Tiyatar Haɗe Ƙashin Baya

Duk wanda likita ya ce masa za a haɗe gaɓoɓin ƙashin bayansa na wajen ƙugu, tambayar da ke fara zuwa masa ita ce: buɗe bayan za a yi, ko ta 'yar ƙaramar kafa za a shiga? Kafin mutum ya zaɓa, yana da kyau ya san inda aikin ya samo asali.

A shekarar 1911 likitoci biyu a birnin Niyok na Amurka, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa da nasa salon, suka bayyana hanyar haɗe ƙashin baya. Tarin fuka ne ya kai su ga hakan, domin idan ya ci ƙashin baya yakan bar mutum da doro ko shanyewar ƙafafu. Albee yakan yanko ƙashi daga ƙwaurin majinyaci ya dasa a baya, Hibbs kuma ya yi amfani da ƙasusuwan wurin. Manufarsu ɗaya: gaɓoɓi su manne, motsin da ke yin ɓarna ya tsaya. Majinyaci kuwa sai ya shafe watanni a kwance.

Daga baya aka shigo da ƙarfe domin ya riƙe ƙashi kafin ya manne. Paul Harrington ya kawo sandunansa a shekarun 1950, Raymond Roy-Camille na Faransa ya yaɗa ɗaura sukurori a jikin gaɓoɓin tun daga shekarun 1960. A 1982 Jürgen Harms na Jamus ya bayyana hanyar shiga tsakanin gaɓoɓi ta gefe guda. Sai dai duk waɗannan na buƙatar doguwar tsaga da ɗaye tsoka daga jikin ƙashi, abin da ke jawo zubar jini da ciwo mai daɗewa.

Wannan ne ya sa a 1997 Kevin Foley da Maurice Smith suka fito da bututun da ke ratsa tsoka yana buɗa ta ba tare da an ɗaye ta ba. A farkon shekarun 2000 aka fara haɗe gaɓoɓi ta cikinsa. Jini ya ragu, kwanakin asibiti suka ragu. Amma likita ba ya ganin wuri sosai, dole ya dogara da na'urar hoton ƙashi, shi da majinyaci suna shan haskenta, kuma hannu ba ya faɗawa sai bayan dogon horo. Bayan shekara biyu, yawancin bincike ya nuna sakamakon hanyoyin biyu ya yi kusa da juna. Inda ƙashi ya karkace ƙwarai, sau da yawa buɗewar ce ta fi.

Darasin da ke ciki, mai ɗorin gargajiya ma ya san shi: ƙashi ba ya jin gaggawa. Ko ta wace ƙofa aka shiga, mannewa kan ɗauki wata shida zuwa shekara, shan taba kuma yana jinkirta ta. Saboda haka kada ƙanƙantar tabo ta ruɗi majinyaci. Ya fara tambayar likita ko haɗewar ta zama dole, sannan ya tambaye shi wace hanya ce hannunsa ya fi sabawa da ita.