Waya Biyu da Kunnen Hannu: Yadda Sana'ar Buɗe Kuba Ta Iso Mana

Na tashi a rumfar mahaifina a kasuwar Birnin Gwari, inda ake ƙera fartanya da lauje da gatari. Can gefe, nesa da zuga-zugi da tartsatsin wuta, akwai ɗan teburin katako da ba mai taɓawa sai shi. Nan yake gyaran kuba da yankan mabuɗi. Ina ɗan shekara 12 ya kwance murfin wata tsohuwar kuba ya ce da ni, "Zo ka ga cikinta. Abin da ido bai gani ba hannu ba zai gane shi a duhu ba."

Abin da na gani bai taka kara ya karya ba: sakata, da wasu fallayen tagulla guda uku a jere, kowanne da ɗan sifirin da ke danne shi. Liba muke ce musu. A jikin kowane falle akwai tsaga, a jikin sakata kuma akwai ɗan turke da sai ya bi ta tsagogin nan kafin ƙofa ta buɗe. Aikin haƙoran mabuɗi shi ne su ɗaga kowace liba daidai inda tsagarta za ta fuskanci turken. In ɗaya ta gaza kaiwa, ko ta zarce, sakata ba ta motsi. Wannan shi ne sirrin gaba ɗaya, amma na yi shekara biyu kafin hannuna ya fahimci abin da idona ya gani a rana ɗaya.

Kakanninmu ba su tashi da wannan kuba ba. Ɗaki asabari ne a bakinsa ko tufaniya, in an samu ƙyaure kuwa sai a tokare shi da sakatar itace daga ciki. Dukiyar manomi tana rumbu, kuma bakin rumbu da laka ake liƙe shi. Kwaɗo kayan fatake ne da masu tafiya. Maƙeran Buzaye na ƙasar Agadas sun shahara da ƙera kwaɗunan jakunkunan fata masu ado, wasunsu ma sai da mabuɗi fiye da ɗaya suke buɗuwa, kuma mahaifina ya ajiye irinsa ɗaya da yake nuna wa baƙi. A ƙasar Mali kuma, Dogon da Bambara sun daɗe suna sassaƙa kubar itace ta ƙofar rumbu. Saboda haka hikimar kulle ba baƙuwa ba ce a ƙasashenmu. Mai liba ɗin ce ta zo tare da Turawa.

Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kantunan kamfanoni irin su John Holt suka cika da kayan Ingila. Ofisoshin En'e, baitulmali, makarantu da asibitoci duk aka sa musu ƙofofin katako masu kuba, attajirai kuma suka bi sahu. Sunan da ya fi zama a bakin magina da kafintoci shi ne Union, wadda kamfanin Josiah Parkes ke yi a Willenhall, garin da kusan sana'arsa ke nan a lokacin. Daga baya kwaɗuna masu liba daga Aligarh ta Indiya suka shigo da araha. Da mabuɗai suka soma ɓata, wa za a nufa in ba maƙeri ba? Shi ke da magagari, shi ya san halin ƙarfe. Haka aikin ya faɗo hannun gidajen ƙira, ba makaranta, ba littafi. Mahaifina ya ce shi da kansa kwancewa ya yi ta yi yana mayarwa har ya gane.

Sai da na girma na soma karatu sannan na san cewa fallayen nan suna da nasu tarihin. Robert Barron ne a 1778 ya fito da dabarar cewa dole a ɗaga liba daidai gwargwado, ba ƙasa ba sama. A 1817 aka yi sata a tashar jiragen ruwan yaƙi ta Portsmouth da mabuɗan jabu, gwamnatin Ingila ta sa gasa, Jeremiah Chubb ya cinye fam 100 da kubar da ya yi wa rajista a 1818. Ita wannan, in mai lalube ya ɗaga liba ta wuce iyaka sai ta cije, mai gida ya dawo ya tarar da shaidar cewa an taɓa masa ƙofa. Shekara 33 ana ganin ba mai iya mata, har wani Ba'amurke, Alfred Charles Hobbs, ya zo babban baje kolin Landan na 1851 ya buɗe ta cikin kimanin minti 25. Bai tsaya nan ba, ya juya kan wani kwaɗon kamfanin Bramah da aka daɗe da kafewa a tagar shago ana ƙalubalantar duniya, ya buɗe shi bayan awa 51 na aiki cikin kwana 16.

Ranar da na karanta yadda Hobbs ya yi, sai da tsigar jikina ta tashi, domin ita ce dabarar da na koya a teburin nan: waya ɗaya ta matsa wa sakata a hankali, ta biyu ta riƙa bin liba ɗaya bayan ɗaya tana neman wadda ta cije, a ɗaga ta har a ji ta saki. Mahaifina da wayar ƙafar keke yake lanƙwasa nasa kayan. Ya kan ce hannu ma yana da kunne. Bai taɓa jin sunan Hobbs ba har ya koma ga Allah.

Sana'ar ta soma ja da baya ne lokacin da kwaɗunan Sin masu ƙwayoyi, 'ya'yan dabarar Linus Yale, suka mamaye kasuwa, masu walda kuma suka maye gurbin kafintoci a aikin ƙofa. Kwaɗo ya yi arahar da in mabuɗi ya ɓata sai a sa guduma. Ina ganin an yi asara a nan, domin kubar liba biyar mai kyau ta fi yawancin abin da ake rataya wa ƙofa yau ƙarfi, kuma har yanzu a Ingila ana yarda da ita a ƙofar waje.

Sannan daji ya juya mana baya. Kamuku, da aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, da Kuyambana da ke maƙwabtaka da shi ta ɓangaren Zamfara, suka zama mafakar 'yan bindiga. Hanyar Kaduna ta zama abin tsoro. Ba kubar da ke tare mai bindiga, wannan kowa ya sani. Duk da haka na ga mutanen ƙauyuka da suka gudo cikin gari, kowa da mabuɗin ɗakinsa ɗaure a bakin zane ko a aljihu, domin wanda ya kulle ƙofa yana da niyyar dawowa. Bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a ƙarshen 2024, aka sake buɗe kasuwar kara, wasu suka soma komawa. Wata dattijuwa ta zo rumfa da jikanta ɗauke da adakar da aka kai ta ɗakin miji da ita. Mabuɗin ya salwanta a gudu. Jikan ya ce a fasa kawai. Ta ce, "Ɗan nan, an fasa mana abubuwa da yawa, wannan kam a buɗe min ita." Tsatsa ta cinye sifirin ɗaya, na ɗiga mai, na yi kusan awa ɗaya. Da sakatar ta zame, na juya baya har ta gama duba kayanta, kamar yadda aka koya mini.

Wannan juya bayan shi ne rabin sana'ar. Ba a buɗe wa mutum ƙofa sai da shaidar maƙwabci ko mai unguwa cewa tasa ce. Ba a yanka mabuɗi daga zanen da aka kawo a kan sabulu ko takarda. Ba a ɗaukar almajiri sai an san gidansu.

Yanzu samari suna zuwa mini da bidiyon YouTube, suna cewa a Turai buɗe kuba wasa ne. Gaskiya ne: a Jamus an kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a 1997, a Holan kuma akwai TOOOL, har gasa suke yi. Dokarsu ta farko ita ce tamu: kada ka taɓa kubar da ba taka ba sai da izinin mai ita. Ta biyu, kada ka yi gwaji a kan wadda ke tsare da ƙofa, don liba na iya cijewa ka kwana a waje.

Ga mai son farawa, ka sayi tsohuwar kuba mai liba biyu a wurin masu gwangwan, ka kwance murfin, ka juya mabuɗi sau ɗari kana kallo. Ka cire liba ɗaya ka yi aiki da ɗaya, in hannu ya saba ka ƙara. Matsin sakata ya zama kaɗan, yawancin masu koyo ƙarfi ke kayar da su. Ka bar wayoyinka a gida, domin a garin da ya sha abin da namu ya sha, ba wanda zai karɓi uzurin sha'awa daga saurayin da aka samu da su da dare.

Tsofaffin da suka san cikin kubar nan sun kusa ƙarewa a kasuwanninmu. Ina roƙon matasanmu masu sha'awa su nemi wanda ya rage a garinsu, su je da iyayensu a gabatar da su, su zauna a gefen teburinsa tun yana da ƙarfin riƙe waya.