Abin da Fis, Breka da RCD Ke Aunawa a Wayarin Gida

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta na'urorin kariya da ake sanyawa a wayarin gida mai bolt 230. Ta nuna cewa fis da breka waya suke tsarewa daga gobara, RCD kuwa ita ce ke tsare ran mutum, kuma ɗaukar su a matsayin abu guda kuskure ne mai kisa.

1.0 Fis da Breka

Fis siririn ƙarfe ne da ke narkewa idan wutar da ke ratsa shi ta zarce ƙima, kamar amfiya 13 ta filogi mai ƙafa uku. Breka, wadda Hugo Stotz ya yi wa rajista a Jamus a 1924, hanya biyu take bi. Idan lodi ya yi yawa, wasu ƙarafa biyu mabambanta da aka manne suna ɗaukar zafi, su lanƙwashe sannu a hankali har su saki makunni. Idan kuwa wayoyi suka haɗu, maganaɗisu ne ke fizge shi nan take. A ƙa'idar IEC 60898, nau'in B na yin haka idan wuta ta ninka ƙimar brekar sau 3 zuwa 5, nau'in C sau 5 zuwa 10.

2.0 RCD

A nan matsalar take. Idan mutum ya taɓa wayar wuta, turjiyar jikinsa kuma om 1,000 ce, wutar da za ta ratsa shi miliamfiya 230 ce. Wannan ya isa ya rikita bugun zuciya, amma breka mai amfiya 16 ko motsi ba za ta yi ba.

RCD ba yawan wuta take dubawa ba. Wayar wuta da ta nutural suna bi ta cikin zoben ƙarfe ɗaya. Muddin abin da ya tafi shi ne ya dawo, maganaɗisunsu na soke juna. Da zarar wani kaso ya zurare ƙasa, ta jikin mutum ko ta jiƙaƙƙen bango, giɓin zai motsa wata naɗaɗɗiyar waya ta katse layin. Mai miliamfiya 30 dole ta katse cikin milisakan 300, ko milisakan 40 idan yoyon ya kai miliamfiya 150. Takwararta ta Amurka, GFCI, wadda ta samo asali daga aikin Charles Dalziel a 1961, tana katsewa tun a miliamfiya 4 zuwa 6.

3.0 Iyakar Kariyar

RCD ba ta ganin lodi mai yawa, shi ya sa aka haɗa ta da breka a RCBO. Tartsatsin sakakkiyar waya kuma AFDD ke ganewa, ta hanyar nazarin yanayin kaɗawar wutar. Wanda ya riƙe wayar wuta da nutural lokaci guda, ba ya taɓa ƙasa, RCD za ta ɗauke shi tamkar ƙwan lantarki.

Abin da ya fi damun mai wannan nazari shi ne gidajenmu masu janareto da inbata. Idan ba a haɗa nutural ɗinsu da atin (wayar da ke shiga ƙasa) ba, yoyon farko ba shi da hanyar komawa, don haka RCD ba za ta gan shi ba. Wajibi ne mai wayarin ya gwada ta da na'urar gwaji a kan kowane layi, na gwamnati da na janareto.