Faust a Adabin Jamusanci: Tarihin Tauraro Ɗaya da Sauyawar Jigonsa (1507-1953)

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabi sun saba ɗaukar jigo a matsayin wani abu da ke kwance cikin labari, wanda aikin manazarci shi ne ya tono shi ya warware shi. Wannan hanya tana da amfani, amma tana da iyaka. Akwai labaran da suka daɗe suna yawo daga hannun wannan marubuci zuwa na wancan, ƙashin bayansu bai sake ba, amma saƙonsu ya yi ta juyawa har ya zama kishiyar abin da aka fara da shi. A adabin Jamusanci babu misalin da ya kai na Faust, malamin nan da ya ƙulla yarjejeniya da Shaiɗan domin ya sami ilmi da iko.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan tauraro tun daga 1507, shekarar da aka fara ambatonsa a rubuce, zuwa 1953. Tambayar da za a bi ita ce: me ya sa marubucin 1587 ya jefa Faust wuta, Goethe ya tserar da shi a 1832, sannan Thomas Mann ya koma ya rushe shi a 1947? Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, hukuncin da kowane marubuci ya yanke wa Faust hukunci ne da zamaninsa ya yanke a kan ilmi da iyakarsa.

2.0 Faust na Tarihi

Faust ba ƙagaggen mutum ba ne. An yi wani mai wannan suna a ƙasar Jamus, wanda ya rayu daga wajejen 1480 zuwa wajejen 1540, yana yawo gari-gari yana duba da ilmin taurari da ba da magani. A 1507 wani shugaban gidan zuhudu mai suna Johannes Trithemius ya rubuta wasiƙa yana siffanta shi da ɗan damfara mai cika baki. Duk da haka, littafin kuɗi na Bishop ɗin Bamberg ya nuna cewa a 1520 an biya shi gulden 10 ladan duba taurarin bishop ɗin. A 1528 hukumar Ingolstadt ta kore shi, a 1532 kuma Nuremberg ta hana shi izinin shiga.

Ke nan mutum ne wanda manya ke nema, hukuma kuma tana ƙyama. Bayan mutuwarsa sai bakin jama'a ya karɓe shi, aka riƙa jingina masa tsofaffin labaran bokaye na da. Zamanin kuwa na rikicin addini ne. Martin Luther ya fara gwagwarmayarsa da Cocin Katolika a 1517, kuma mabiyansa sun mayar da labarin Faust abin buga misali a wa'azi.

3.0 Littafin 1587: Faust Abin Wa'azi

A 1587 wani mai maɗaba'a a Frankfurt, Johann Spies, mabiyin Luther, ya buga Historia von D. Johann Fausten ba tare da sunan marubuci ba. A nan ne aka kafa ginshiƙan labarin. Faust ɗan manomi ne da ya yi digirin dakta kan ilmin tauhidi a Wittenberg, sannan ya juya wa Littafi baya ya koma tsafi. Ya rubuta yarjejeniya da jininsa cewa aljani Mephostophiles zai yi masa hidima shekara 24, daga nan ransa ya zama na Shaiɗan. Ya zagaya duniya da sararin sama, ya yi wa Paparoma shaƙiyanci, ya zauna da Helena ta Girka. Da wa'adi ya cika, ɗalibansa suka wayi gari suka tarar da ɗakinsa jina-jina, gawarsa kuma a kan juji.

Babban jigon littafin gargaɗi ne, kuma laifin Faust iri biyu ne. Na farko shi ne shisshigi cikin abin da Allah ya ɓoye wa ɗan Adam. Na biyu, wanda ya fi muni a aƙidar Luther, shi ne yanke ƙauna daga rahama: wani dattijo ya kira shi ga tuba, amma ya ɗauka zunubinsa ya fi ƙarfin gafara, har ya sake rubuta yarjejeniya ta biyu. Ya kamata a tuna cewa littafin ya fito ne sa'ad da ake ƙona waɗanda aka zarga da maita a yankin Trier, watau tsakanin 1581 da 1593. Ga mai karatu na wancan lokaci, ƙulla alkawari da Shaiɗan laifi ne da ake gurfanar da mutum gaban alƙali a kansa.

4.0 Tafiya Ingila da Dawowa Gida

Littafin ya sami kasuwa ƙwarai, kafin 1600 an fassara shi zuwa Ingilishi da Faransanci da Holanci. Daga fassarar Ingilishi ne Christopher Marlowe, wanda ya rasu a 1593, ya tsara wasan kwaikwayonsa na Doctor Faustus da aka fara bugawa a 1604. Marlowe bai tserar da tauraron ba, amma ya ba shi kwarjini da fasahar harshe, ta yadda mai kallo kan tausaya masa a sa'arsa ta ƙarshe.

'Yan wasan Ingila masu yawo su suka dawo da Faust ƙasashen da ake jin Jamusanci. An nuna wasan a Graz a 1608. Sannu a hankali ya gangara zuwa dandalin kasuwa da wasan 'yartsana, aka ƙara masa wawan wasa, Hanswurst, wanda shashancinsa kan kuɓutar da shi daga aljanu yayin da ilmin ubangidansa ke kai shi halaka. A wannan siga ta barkwanci Faust ya shafe fiye da ƙarni guda, kuma a cikinta ne Goethe ya fara saninsa yana yaro.

5.0 Zamanin Wayewar Kai: Lessing da Goethe

A ƙarni na 18 matsayin ilmi ya sake a Turai. Binciken da a da ake ɗauka girman kai ne, ya zama darajar ɗan Adam. A 1759 Gotthold Ephraim Lessing ya soki yadda Jamusawa ke kwaikwayon wasannin Faransa, ya yi nuni da Faust a matsayin labari na gida, har ya buga fitowa ɗaya daga wasan da yake shiryawa. Bai kammala shi ba, amma abokansa sun ruwaito cewa niyyarsa ita ce Faust ya tsira, domin ba zai yiwu Allah ya dasa wa mutum ƙishin sani sannan ya azabta shi a kansa ba.

5.1 Ginuwar Wasan Goethe

Johann Wolfgang von Goethe (1749-1832) ya shafe kimanin shekara 60 yana ɗauka yana ajiye wannan aiki. Daftarin farko, wanda ake kira Urfaust, ya rubuta shi a farkon shekarun 1770, kuma ba a gano kwafinsa ba sai 1887. Ya buga wani yanki a 1790, Kashi na Ɗaya a 1808, ya kammala Kashi na Biyu a 1831, aka buga shi a 1832 bayan rasuwarsa. Gaba ɗaya wasan yana da layuka 12,111 na waƙa.

Sauyin da Goethe ya yi ya taɓa tushen labarin. Ya buɗe da muhawara a sama wadda ya gina bisa ƙissar Annabi Ayuba, inda aka ba Mephistopheles izinin jarraba Faust. Ya kuma mayar da yarjejeniyar shekara 24 ta zama caca: Faust zai rasa ransa ne kawai ranar da ya sami wani lokaci da ya gamsar da shi har ya so ya dawwama cikinsa. Da wannan sai ma'aunin ya kife. A 1587 rashin natsuwa shi ne zunubi, a wurin Goethe kuwa tsayawa wuri ɗaya shi ne halaka. Masana harshe za su sami abin lura a fitowar da Faust ke fassara farkon Linjilar Yahaya zuwa Jamusanci. Ya gwada ma'anoni huɗu ga lafazin Girkanci guda: kalma, ma'ana, ƙarfi, sannan ya tsaya a kan aiki. Cikin wannan 'yar fassara aka dunƙule halin tauraron baki ɗaya.

5.2 Gretchen da Sauran Waɗanda Aka Take

Goethe ya shigo da tauraruwar da babu ita a littafin 1587, watau Margarete ko Gretchen, yarinya 'yar talakawa mai tsoron Allah. Ta dalilin Faust mahaifiyarta ta mutu da maganin barci, aka kashe wanta Valentin, ita kuma ta nutsar da jaririnta, aka yanke mata hukuncin kisa. Wannan ma daga tarihi ya fito. A Janairun 1772 an fille kan wata baranya, Susanna Margaretha Brandt, a Frankfurt saboda kashe jaririnta, lokacin Goethe yana matashin lauya a garin. Abin da ke ɗaure wa manazarta kai shi ne, a 1783, yana cikin majalisar mulkin Weimar, shi da kansa ya ba da shawarar a ci gaba da hukuncin kisa a kan wannan laifi.

A Kashi na Biyu fagen ya faɗaɗa daga ɗaki zuwa daula. Faust da Mephistopheles sun ƙirƙiro wa Sarkin Sarakuna kuɗin takarda, sun ci masa yaƙi, aka saka wa Faust da gaɓar teku, ya shiga datse ruwa domin samar da sabuwar ƙasa. Wasu tsofaffi biyu, Philemon da Baucis, suka ƙi tashi daga bukkarsu, aka ƙone su a ciki. A ƙarshe Faust ya makance, yana jin ƙarar shebur yana zaton aikinsa ake yi, alhali kabarinsa ake haƙawa. Duk da haka mala'iku suka ƙwace ransa, Gretchen kuma tana cikin masu yi masa ceto. Ke nan Goethe ya tserar da tauraronsa, amma bai ɓoye gawarwakin da ya bari a hanya ba. Wannan tufka da warwara ita ce gadon da ya bar wa na baya.

6.0 Ƙarni na 20: Faust a Gaban Shari'ar Tarihi

Bayan haɗewar Jamus a 1871, masu kishin ƙasa sun ɗauki rabin gadon suka yar da rabi. Suka mayar da Faust alamar Bajamushe mai himma wanda babu abin da ke tare masa gaba. Oswald Spengler, a littafinsa kan faɗuwar Yammacin duniya (1918 da 1922), ya laƙaba wa wayewar Turai baki ɗaya sunan Faust. Gwamnatin Nazi (1933-1945) ta gaji wannan fassara, kuma a 1937 ta gina sansanin Buchenwald a kan tudun da ke kusa da Weimar, garin Goethe.

Marubutan da suka yi gudun hijira su suka mayar da martani. A 1936 Klaus Mann ya buga Mephisto, labarin ɗan wasan da ya sayar da mutuncinsa ga masu mulki domin ɗaukaka. Kowa ya gane cewa da Gustaf Gründgens yake, kuma a 1971 kotun tsarin mulki ta Jamus ta Yamma ta tabbatar da hana buga littafin. Mahaifinsa, Thomas Mann, ya rubuta Doktor Faustus a Amurka tsakanin 1943 da 1947. Da gangan ya tsallake Goethe ya koma littafin 1587, ya dawo da wa'adin shekara 24, har ya ari tsohon Jamusancin zamanin Luther a hirar tauraron da Shaiɗan. Tauraronsa, Adrian Leverkühn, mai tsara kiɗa ne da ya sami baiwa ta hanyar cutar tunjere, bisa sharaɗin kada ya ƙaunaci kowa. Yaron da ya kuskura ya ƙaunata, sanƙarau ya kashe shi. Leverkühn ya haukace a 1930 ya mutu a 1940, abokinsa Zeitblom kuma yana ba da labarin ne yayin da bama-bamai ke rusa biranen Jamus. A nan Faust ya zama ita kanta al'ummar da ta musanya ranta da 'yan shekarun iko.

Rikicin bai tsaya a nan ba. A Jamus ta Gabas hukuma ta ɗauki Faust na Goethe a matsayin jagoran ci gaba. Da Hanns Eisler ya buga Johann Faustus a 1952, inda ya nuna shi a matsayin malamin da ya ci amanar manoma a boren 1525, sai aka yi masa ca a 1953, bai kuma taɓa kammala kiɗan wasan ba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda Faust ya tashi daga boka mai yawo ya zama abin wa'azi a 1587, abin dariya a wasan 'yartsana, gwarzon bincike a hannun Lessing da Goethe, sannan abin tuhuma bayan 1933. A duk matakan nan malamin da aljanin da yarjejeniyar suna nan. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne amsar tambaya guda: wa zai biya kuɗin ilmi da ikon da mutum ya nema? A 1587 Faust kaɗai ya biya da ransa. A wurin Goethe, Gretchen da tsofaffin nan biyu suka biya. A wurin Thomas Mann kuwa, al'umma ce ta biya tare da maƙwabtanta.

Darasin da ke nan ga masu nazarin adabi a harsunanmu shi ne, ba a iya tantance jigon labarin da ya fito daga bakin jama'a ta duban matani ɗaya. Sai an jera sigoginsa bisa tsarin shekaru, an dubi wanda ya buga kowace da waɗanda aka buga dominsu, an kuma lura da abin da aka ƙara da abin da aka zubar. Idan aka yi haka, tarihin tauraro ɗaya yana iya zama tarihin tunanin al'ummar da ta raine shi.