Fasahar ɓoye layuka: Yadda kwamfuta ke gane gaba da baya a zane

Fasahar ɓoye layuka hanya ce ta lissafi da kwamfuta ke bi wajen tantance gefunan da ido zai gani a jikin abu mai tsawo da faɗi da kauri, da kuma waɗanda jikin abin ya tare.

Akwati ya isa misali. Yana da fuska 6 da gefe 12, amma wanda ya dube shi ta kusurwa fuska 3 da gefe 9 kawai zai gani, sauran gefe 3 suna baya. Ita kuwa kwamfuta lambobin kusurwoyi kaɗai ta sani. Idan ba a tsara mata ba, sai ta zana gefunan duka, zanen ya fito kamar kejin waya, a rasa gane gaba da baya. Irin wannan zane in ya shiga hannun magini ko mai walda, a Gangare ta Jos ko a wani wuri, yana iya jawo kuskuren da zai ci ƙarfe da kuɗi.

Lawrence Roberts ne ya fara fito da mafita a 1963, a jami'ar MIT ta Amurka. Tsarinsa yakan fara da zubar da fuskokin da suka juya wa mai kallo baya, sannan ya gwada kowane layi da sauran abubuwan da ke cikin zanen.

A 1967, Arthur Appel na kamfanin IBM ya sauƙaƙa aikin ta hanyar ƙirge. Kwamfuta tana bin layi tana ƙidaya fuskokin da suka shiga tsakaninsa da ido. Inda adadin ya zama sifili, nan kaɗai take zanawa.

A 1974 kuma, Edwin Catmull na Jami'ar Utah ya bayyana wata hanya dabam. Maimakon bin layuka, ana ajiye nisan abin da ke kan kowane ɗigo na allon kwamfuta, wanda ya fi kusa da ido shi ke bayyana. Da wannan hanya galibin wasannin bidiyo na wayar salula ke aiki a yau.

Sai dai injiniyoyi ba sa watsi da abin da ke ɓoye. A zanen gini da na injuna, akan nuna irin waɗannan gefuna da tsinkakken layi, domin ma'aikaci ya san abin da ke bayan bango.